Thomas Ashe, Malamin Makarantar da Ya Ci Yaƙin Ashbourne

A makon Ista na shekarar 1916 wasu ƴan kishin ƙasa suka ɗaga wa mulkin Ingila makami a tsibirin Ayalan. Kusan duk labarin wannan tawaye a birnin Dablin yake, inda aka kewaye su, aka yi musu luguden igwa, suka miƙa wuya bayan kwana shida. A wuri guda ne ƴan tawayen suka yi gaba da gaba da dakarun gwamnati a fili suka kuma rinjaye su, wato a wata mararraba kusa da wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ashbourne, kimanin kilomita 20 arewa da Dablin. Mutumin da ya jagorance su ranar bai taɓa aikin soja ba. Shugaban wata makarantar firamare ta ƙauye ne, mabushi, mai tattara waƙoƙin gargajiya, wanda sha'anin harshen uwa ya jawo shi cikin siyasa, siyasar kuma ta kai shi ga bindiga. Sunansa a takardun gwamnati Thomas Ashe, a harshensu kuwa Tomás Ághas. Ya rayu shekara 32.

Ba a fahimtar wannan mutum sai an san halin da harshensa yake ciki lokacin da aka haife shi. Harshen Gelik na Ayalan ɗan reshen Keltik ne a cikin babban gidan harsunan Indiya da Turai, kuma yana cikin harsunan Turai mafiya tsufa a rubuce. Jimlarsa da aikatau take farawa, sannan mai aikatawa ya biyo, farkon kalma kuma yakan sauya gwargwadon abin da ya gabace ta: in za a kira Tomás sai a ce a Thomáis, sautin t ya koma h. A ƙidayar 1851 masu jin harshen sun haura miliyan ɗaya da rabi, kusan rubu'in jama'ar tsibirin, kuma wannan bayan babbar yunwar da ta fara a 1845 ke nan, lokacin da cuta ta cinye dankalin da talaka ya dogara da shi. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira, kuma yankunan da yunwar ta fi yi wa ɓarna su ne na yamma, inda Gelik yake da ƙarfi. Zuwa ƙidayar 1911 masu jinsa sun ragu zuwa wajen dubu 550.

Makaranta ta ƙarasa abin da yunwa ta fara. Tsarin firamaren gwamnati da aka kafa a 1831 da Ingilishi kaɗai yake koyarwa. A wurare da dama akan rataya wa yaro ɗan guntun itace a wuya, duk lokacin da bakinsa ya suɓuce ya yi Gelik a yi masa tsaga ɗaya, da yamma a ƙirga tsagar a hukunta shi. Wanda ya yi lakwal a zamanin sambol ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Abin da ya fi ciwo shi ne sau da yawa iyaye ne da kansu suke yin tsagar, domin sun ga ɗan da zai tafi ci-rani Amurka ko Ingila ba abin da Gelik zai tsinana masa.

An haifi Ashe ranar 12 ga Janairun 1885 a Kinard, cikin gundumar Lispole ta lardin Kerry, can ƙuryar kudu maso yammacin tsibirin, inda duwatsu suke gangarawa cikin teku. Shi ne na bakwai cikin ƴaƴa goma. Mahaifinsa, Gregory, manomi ne da aka sani da sanin tatsuniyoyi da waƙoƙin Gelik, gidan kuma da harsuna biyu ake magana a cikinsa. Lispole a bakin iyaka take: yamma da ita Gelik ne harshen kasuwa da na coci, gabas da ita Ingilishi ya riga ya ci gari. Yaron ya tashi yana kallon harshen kakanninsa yana ja da baya gida gida. Ya yi firamare a Ardamore, ya zauna nan shekaru yana taya malamai koyarwa kamar yadda ake yi wa yara masu ƙoƙari, a 1905 ya shiga kwalejin horar da malamai ta De La Salle a Waterford. A 1908 aka ba shi shugabancin makarantar Corduff, kusa da garin Lusk, arewa da Dablin.

Yankin da aka kai shi sunansa Fingal, kuma mai nazarin harshe zai so ya ɗan dakata a kansa. Sunan daga Gelik yake, Fine Gall, ma'anarsa ƙabilar baƙi, saboda mayaƙan teku na arewacin Turai da suka zauna wurin tun ƙarni na tara. Bayansu Normawa suka zo da wani tsohon karin Ingilishi, wanda ya maƙale a bakin manoman Fingal ɗaruruwan shekaru, ya bambanta da na Landan, sai a ƙarni na sha tara ya ɓace. Ke nan an aiko ɗan Kerry mai Gelik a baki zuwa ƙasar da harshen ya daɗe da barinta. Bai zauna ba. Ya buɗe ajin Gelik na dare, ya shiga shirya wasannin ƙwallo na gargajiya, a 1910 kuma ya kafa ƙungiyar masu busa algaitar nan mai jakar iska, ya sa mata suna Baƙin Hankaka, tambarin tutar waɗancan mayaƙan teku na da. Har yau ƙungiyar tana nan a Lusk. Dogo ne ƙaƙƙarfa, mai murya, mai saurin shiga ran mutane. A yajin aikin 1913 ya tsaya tare da ƴan ƙodagon gona, abin da ba kowane malamin ƙauye yake iya yi ba a wurin da manyan manoma suke da faɗa a ji, ya kuma ƙulla abota da Jim Larkin, jagoran ma'aikata, da marubucin wasan kwaikwayo Seán O'Casey.

Gidansa na gaskiya dai shi ne Conradh na Gaeilge, ƙungiyar raya harshen da Douglas Hyde da Eoin MacNeill da abokansu suka kafa a 1893. Hyde, ɗan limamin cocin Furotesta, ya gina ta a kan sharaɗi guda: babu siyasa. Yana son mai goyon bayan sarautar Ingila da mai ƙinta su zauna benci ɗaya su koyi nahawu. Dabarar ta yi aiki. Ƙungiyar ta yi rassa ɗaruruwa, ta sa aka yarda da koyarwa da harsuna biyu a yankunan Gelik a 1904, ta kuma sa Gelik ya zama sharaɗin shiga Jami'ar Ƙasa daga 1913. Amma ajin harshe ba ya tsayawa a nahawu. Saurayin da ya gano cewa sunan ƙauyensu yana da ma'ana, cewa wanda ke kan taswirar gwamnati gurɓataccen lafazi ne kawai, ba a daɗewa sai ya fara tambayar wanda ya zana taswirar. Yawancin waɗanda suka shugabanci tawayen 1916 ta wannan ƙofa suka shigo. Ashe ya kai ga zama ɗan kwamitin zartarwa, yana cikin ɓangaren matasan da suke ganin Hyde ya cika lallashin gwamnati, a ɓoye kuma ya yi rantsuwar shiga ƙungiyar asiri ta Ƴan'uwantakar Jamhuriya, wadda tun 1858 take shirin ƙwatar ƴanci da makami. A 1914 ƙungiyar harshen ta aike shi Amurka tare da Diarmuid Lynch neman gudummawar kuɗi, can ya sadu da tsofaffin ƴan gwagwarmaya irin su John Devoy. A babban taron Dundalk na 1915 ɓangarensu ya yi rinjaye, aka rubuta ƴancin ƙasa cikin manufofin ƙungiyar, Hyde ya ajiye shugabanci.

Har yau ana gardama a kan wannan rana. A ganina Hyde ya fi su hangen abin da zai sami harshen, domin daga nan Furotesta da yawa suka ɗauki Gelik a matsayin tutar abokan hamayya, tabon kuma bai goge ba a arewacin tsibirin. Su kuma su Ashe sun fi shi sanin inda zuciyar matasan ajin ta riga ta tafi.

Rundunar Ƴan Sa-kai ta Ayalan ta kafu a Nuwamban 1913, Ashe ya shiga tun da wuri. Da yaƙin duniya ya ɓarke aka jingine dokar mulkin kai da majalisar Landan ta zartar, rundunar ta rabe biyu: mafi yawa suka bi John Redmond wajen mara wa Ingila baya, tsiraru suka ƙi. Ashe yana cikin tsirarun, gab da tawaye kuma aka naɗa shi kumandan bataliya ta biyar, ta Fingal. Shirin ya lalace tun kafin a fara. Jirgin ruwan Jamus da ya ɗauko bindigogi ya faɗa hannun sojan ruwan Ingila, matuƙansa suka nutsar da shi. An kama Roger Casement a gaɓar tekun Kerry. MacNeill, wanda shi ne shugaban rundunar amma aka ɓoye masa shirin, ya buga sanarwa a jarida cewa kowa ya zauna gida ranar Lahadi. Da aka ɗaga abin zuwa Litinin, 24 ga Afrilu, waɗanda suka amsa kiran Ashe a Knocksedan, kusa da Swords, ba su wuce mutum sittin da ƴan kai ba. Washegari James Connolly ya aiko daga babban gidan waya na Dablin yana neman taimako, aka tura masa ashirin. Sai dai a madadinsu wasu ƴan tsiraru da suka rabu da rundunarsu suka iso, cikinsu har da wani ma'aikacin gidan waya, Richard Mulcahy. Ashe ya gane basirarsa nan take, ya mai da shi mataimakinsa.

Su biyun suka yi abin da ba a yi a Dablin ba. A birni ƴan tawaye sun shiga manyan gine-gine sun zauna jiran a zo a same su. A Fingal kowa yana da keke. Aka kasa mutanen kashi huɗu, kullum kashi ɗaya ya tsare sansani ya nemo abinci, uku su fita, ba a kuma kwana biyu a wuri ɗaya. Ranar Laraba suka karɓi barikin ƴan sanda na Swords da na Donabate, suka kwashe bindigogi, suka tsinke wayoyin tangaraho, suka lalata titin jirgin ƙasa, daga baya suka bi ta Garristown. Wata mace, Molly Adrien, ita take kai da kawo da saƙo a kan keke tsakaninsu da Dablin.

Ranar Juma'a, 28 ga Afrilu, niyyarsu su yanke titin jirgi a Batterstown don hana sojoji shigowa Dablin daga yamma. Barikin Ashbourne yana kan hanya, ba sa so su bar shi a bayansu. Garin kansa sabo ne: wani attajiri mai kekunan doki, Frederick Bourne, ya gina shi a farkon ƙarni na sha tara a matsayin zango kan hanyar Dablin zuwa Slane, ya laƙa masa sunansa, kamannin sunan da na Ashe kuwa dacewa ce kawai. Da hantsi mutum arba'in da ɗoriya suka iso mararrabar Rath, suka jingine kekuna. Ashe ya fito fili ya nemi ƴan sandan su miƙa wuya da sunan Jamhuriyar Ayalan, aka amsa masa da harsashi. Aka yi ta musayar wuta, har wani ya jefa gurneti haɗin gida. Bai kai ga ginin ba, amma ƙararsa ta isa: na ciki suka ɗaga farin ƙyalle. Kafin su fito sai ga jerin motoci daga wajen Slane, fiye da goma sha biyar, ɗauke da ƴan sanda sama da hamsin, ƙarƙashin sufeton lardi Alexander Gray da sufeton gunduma Harry Smyth.

Gaba kura, baya siyaki. Ashe ya fara tunanin janyewa, Mulcahy ya nuna masa cewa baƙin ba su san yawan waɗanda suke gabansu ba, sun kuma tsaya a mummunan wuri. Haka ne kuwa. Motocin sun jeru a miƙaƙƙiyar hanya mai shingen itatuwa da lambatu dama da hauni. Ƴan tawaye ƙalilan da suke mararrabar suka buɗe wa na gaba wuta, Gray ya faɗi da mummunan rauni tun a farko, sauran suka diro suka fake ƙarƙashin motoci da cikin lambatu, inda ba sa ganin komai sai ganye. Ashe, wanda ya yi shekara takwas yana yawo a wannan karkara, ya ɗauki kashi ɗaya ya zagaya da su ta gonaki har bayan jerin, Mulcahy kuma ya riƙa bin shinge yana haɗa ƙungiyoyin, yana ɗaga murya da umarni kamar mai runduna guda a bayansa. An sami ruɗani: mutanen da Frank Lawless ya kawo daga sansani sun yi ta harbi da ƴan'uwansu na ɗan lokaci kafin a gane juna. Daga nan aka fara matse ƴan sandan daga baya, mota bayan mota. Smyth ya yi jarumta, yana tsaye yana ƙarfafa mutanensa, ya harbe wani saurayi, John Crenigan, nan take Lawless ya harbe shi. Da shugabanninsu biyu suka faɗi, aka kuma taso musu da wuƙaƙen bakin bindiga, sai suka zubar da makamai, na cikin bariki ma suka fito. An shafe fiye da awa biyar.

Ƴan sanda takwas suka rasa rayukansu, har da Gray da ya cika bayan kwanaki, wajen goma sha biyar suka ji rauni. Ƴan tawaye biyu suka mutu, Crenigan da Thomas Rafferty, mabushi a ƙungiyar Baƙin Hankaka. Akwai kuma farar hula da tsautsayi ya biyo da su hanyar. Likitan bataliyar, Richard Hayes, ya yi jinyar kowa ba tare da duba rigarsa ba. Ashe ya tara fursunonin, ya gargaɗe su kada su sake ɗaukar makami a kan Jamhuriya, ya sallame su.

Ya kamata mai karatu ya san ko su wane ne waɗannan ƴan sanda. In aka cire wasu daga cikin manyan hafsoshi, ba Ingilishi aka kawo daga ƙetaren teku ba. Ƴaƴan manoman Ayalan ne, mafi yawansu ƴan Katolika, da yawa daga lardunan yamma masu talauci, waɗanda aikin ɗan sanda da na malamin makaranta su ne ƙofofi biyu da gwamnati ta buɗe wa ɗan talaka mai ɗan ilimi. Ashe ya bi ɗaya, su suka bi ɗayar, albashinsu daga baitulmali guda yake fitowa. Umarnin da aka yi ta bayarwa ranar, ta kowane ɓangaren shinge, da Ingilishi aka ba da shi.

Nasarar ba ta kwana biyu ba. Ranar Asabar Patrick Pearse ya miƙa wuya a Dablin, ranar Lahadi saƙo ya iso sansanin Fingal. Ashe bai gaskata ba, sai da Mulcahy ya je har inda ake tsare da Pearse ya ji daga bakinsa. Mutanen da ba a ci su da yaƙi ba suka ajiye bindigogi. Kotun soja ta yanke wa Ashe hukuncin kisa, amma harbe shugabannin tawayen da aka yi ɗaya bayan ɗaya daga 3 zuwa 12 ga Mayu ya riga ya fara juya zukatan jama'a, sai aka mayar da nasa ɗaurin rai da rai, kamar yadda aka yi wa Éamon de Valera. Aka kai shi gidan kason Dartmoor, daga nan Lewes, duk a Ingila. A Lewes ya rubuta waƙarsa da aka fi sani, wadda take da siffar addu'a, kuma da Ingilishi ya rubuta ta. A can ne kuma ya nuna yana da idon siyasa: da aka kawo shawarar tsayar da wani fursuna, Joseph McGuinness, takarar majalisa a Longford ta Kudu, de Valera da yawancin fursunonin suka ƙi, Ashe ya goyi baya. McGuinness ya ci da ratar ƙuri'a 37.

A Yunin 1917 aka yi musu afuwa. Ashe ya dawo ya tarar sunansa ya cika ƙasa, Ƴan'uwantakar Jamhuriya ta ɗora shi a kan shugabancinta. Ya yi wa de Valera yaƙin zaɓe a Clare ta Gabas, ya yi ta zagaya ƙasa yana jawabi. Wanda ya yi a Ballinalee, lardin Longford, shi aka riƙe. A watan Agusta aka kama shi da laifin tunzura jama'a ƙarƙashin dokar tsaron lokacin yaƙi, kotun soja ta ɗaure shi da aiki mai tsanani, aka kai shi gidan kason Mountjoy a Dablin.

Shi da abokansa wajen arba'in, Austin Stack yana gaba, suka nemi a ɗauke su fursunonin siyasa, kada a haɗa su da ɓarayi. Da aka ƙi, suka farfasa kayan ɗakunansu. Hukuma ta kwashe musu gado da bargo da takalma, aka bar Ashe kwance a kan daɓe mai sanyi wajen awa hamsin. Ranar 20 ga Satumba suka daina cin abinci. Tsohuwar dokar Gelik ta san wani abu mai kama da wannan, ana kiransa troscad: mai ƙaramin ƙarfi ya je ƙofar babban mutumin da ya danne masa hakki ya zauna da yunwa, kunya ta tilasta wa mai gidan ya biya. Amma darasin da ya fi kusa da su na matan Ingila ne masu neman ƴancin zaɓe, waɗanda suka fara irin wannan yaji a 1909, kuma a kansu ne gwamnati ta koyi maganin da take ganin ya dace, wato ɗura. Akan ɗaure mutum a kujera, hannu da ƙafa, a zura masa tiyon roba ta baki ko ta hanci har ciki, a tura madara da ƙwai da famfo. Ranar 25 ga wata wani likita da aka ɗauko daga waje, wanda bai goge da aikin ba, ya yi wa Ashe ɗura. Aka sauke shi daga kujerar a sume, leɓunansa sun canza launi. Da yamma aka tsallaka titi da shi zuwa asibitin Mater, da dare ya cika. Kwana biyar kacal ya yi yana yajin, mutum mai ƙarfi irinsa ba yunwa ce ta kashe shi ba.

Zaman binciken mutuwar ya ɗauki makonni, Tim Healy yana tsaya wa iyalinsa. Ranar 1 ga Nuwamba mutanen garin da aka rantsar don yanke hukunci suka ce zuciya ce ta tsaya, huhu kuma ya cika da ruwa, sanadin kwashe masa shimfiɗa da kuma ɗurar da aka yi masa yana galabaice. Suka la'anci ɗura a matsayin aiki mai haɗari da rashin imani, suka ɗora laifi a kan hukumar gidan kaso da masu mulki na fadar Dablin. Tun kafin hukuncin ya fito gwamnati ta riga ta ba sauran fursunonin yawancin abin da suka nema.

Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya ranar jana'iza, Lahadi 30 ga Satumba. An shimfiɗa gawar a zauren majalisar birni cikin kakin Ƴan Sa-kai, dubban mutane suka yi layi suna wucewa. Wajen mutum dubu talatin suka bi makara zuwa maƙabartar Glasnevin: limamai, ƙungiyoyin ƙodago, ƴan makaranta, da Ƴan Sa-kai sanye da kakin da doka ta hana, ƴan sanda suna kallo. Babban limamin Katolika na Dablin, William Walsh, ya aiko da motarsa ta shiga jerin. A bakin kabari aka harba bindigogi sama, wani saurayi da ba a san shi sosai ba tukuna, Michael Collins, ya yi magana da Gelik sannan da Ingilishi, jimla biyu ko uku, ma'anarsu ita ce ƙarar bindigar ta riga ta faɗi abin da ya kamata a faɗa. Rundunar da aka ɗauka ta mutu a 1916 ta fito titi da rana tsaka. A zaɓen Disamban 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta ci kujeru 73 cikin 105 na Ayalan, ranar 21 ga Janairun 1919 kuma majalisarta ta zauna a Dablin, ta gudanar da zamanta na farko da Gelik, ta karanta shelar ƴanci da Gelik da Faransanci da Ingilishi.

Yaƙin da ya biyo baya da salon Fingal aka yi shi, ƙananan ƙungiyoyi masu yawo suna far wa barikin ƴan sanda suna ɓacewa, babban hafsan rundunar kuwa shi ne Mulcahy. Shi ɗin ne dai, bayan an kafa sabuwar ƙasa, aka ba shugabancin hukumar da ta zagaya a 1925 tana auna inda Gelik ya rage a bakin mutane, daga baya ya riƙe ma'aikatar ilimi har sau biyu. Tsarin mulkin 1937 ya sa Gelik harshen hukuma na farko, aka wajabta shi a makarantu, a 2007 ya shiga jerin harsunan Tarayyar Turai. A ƙidayar 2022 mutum wajen miliyan 1.9 suka ce suna iya magana da shi, waɗanda suke yinsa kullum a wajen makaranta kuwa ba su kai dubu 72 ba. Lispole tana cikin yankunan da doka ta keɓe a matsayin ƙasar Gelik, da sunanta na asali, Lios Póil, ko da yake Ingilishi ya fi yawa a gidajenta. A mararrabar Rath akwai dutsen tunawa da Crenigan da Rafferty, wanda shugaban ƙasa Seán T. O'Kelly ya buɗe a 1959. Ashbourne ta zama babban gari na masu zuwa aiki Dablin su dawo, allon da ke bakin hanyarta kuma yana ɗauke da suna biyu, Cill Dhéagláin a sama, wato cocin waliyyi Declan, sunan wurin tun kafin Bourne, Ashbourne a ƙasa.